Shaida Daga Jikin Rumbu

Duk ƙauyen Lausu Malam ake kiran Ishiyaku, amma shi da kansa ya san malantarsa ba ta wuce bakin gona ba. A can kam ba a ja da shi. Sai ya ɗaga kai ya dubi hadari ya ce wannan ruwan ba namu ba ne, na mutanen Kibiya ne, kuma haka za a yi. Amma in ana batun karatu, abin da ya tsira da shi daga makarantar allo bai wuce Fatiha da surori goma na ƙasa ba, daga Alam tara zuwa Nasi. Su yake ta juyawa a salla sama da shekara hamsin, yau wannan gobe waccan. Malamar gidan ta gaskiya ita ce matarsa, Zulaiha.

Zulaiha 'yar Malam Habibullahi ce na Nariya, wanda ake takowa daga nesa a ɗauki karatu a wurinsa. Izu arba'in ke kanta lokacin da aka aura wa Ishiyaku ita. Ranar ɗaurin auren, bayan jama'a sun watse, tsohon ya kira angon cikin zaure, ya ɗauko allon 'yarsa ya ɗora masa a hannu. Bai yi masa dogon wa'azi ba.

Ya ce, "Ishiyaku, ban tambaye ka gona nawa gare ka ba, ba kuma zan tambaya ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka bari allonta ya bushe."

Ishiyaku ya ce in Allah ya yarda. Da zuciya ɗaya ya faɗa, don a ranar gani yake ba abin da ya fi wannan sauƙi a duniya.

Allo kuwa ya bushe. Ba wanda ya hana Zulaiha karatu, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai, don da hanawa ya yi da ya san ranar da zai tuba a kanta. Shekara biyu da auren mahaifiyarsa ta kwanta da shanyewar ɓarin jiki, Zulaiha ce mai juya ta, mai wanke ta, mai ba ta a baki, har shekara tara. 'Ya'ya suka zo shida, wani na bin wani. Ga sussuka, ga surfe, ga abincin 'yan aiki. Duk sanda ya kama ta ta ɗaga ido tana duban allon da ke rataye a bango, sai ya ce, "Bari kaka ta wuce, Zulai." Kaka ashirin da shida suka wuce a haka. Malam Habibullahi ya zo gidan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, ya zauna a ƙarƙashin allon nan ya sha fura, bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba, har Allah ya karɓi abinsa. Ishiyaku ya so ƙwarai a ce tsohon ya tambaye shi ko sau ɗaya, ya zage shi ma in ya ga dama. Shirun nan ya fi zagi nauyi, kuma da shi ya ci gaba da kwana yana tashi.

Shekarar da autarsu Ramlat ta tafi makarantar koyon jinya a Kano, gida ya yi shiru, Ishiyaku ya sauko da allon da hannunsa, ya kakkaɓe yanar gizo, ya wanke shi. Ya ɗora Zulaiha a bayan babur ya kai ta Islamiyyar matan aure a cikin Rano. Tana jin kunya, wai ita da furfura za ta zauna da sa'o'in 'ya'yanta. Ya ce ai furfurar a cikin hijabi take, ba mai gani. Shekara bakwai ta yi kafin ta dawo da arba'in ɗin da suka zube, ta ɗora ashirin a kai.

A nan ne Malama Saude ta shigo maganar. Ita ma 'yar Nariya ce, a gaban Malam Habibullahi ta fara karatu, aure ya kai ta Makka tun kafin Zulaiha ta yi wayo, ta zauna can ta karanta a wurin manyan malamai har ta kai ga tana ba da ijaza. Ijaza takarda ce da ke shaida cewa wance ta karanta mini Alƙur'ani da ka, daga farko har ƙarshe, kamar yadda ni ma na karanta wa malamaina, su ma haka, har can sama. Da labari ya je mata cewa 'yar Malam ta haddace, sai ta aiko cewa ba ta yarda a kai wa kowa karatun nan ba sai ita.

Saboda haka kowace Talata da hantsi Ishiyaku yake ɗaukar matarsa zuwa Rano. Makarantar tana da intanet a ofis. Zulaiha ta buɗe tsohuwar kwamfutar da Ramlat ta bar mata, fuskar Malama Saude ta fito da tabarau ɗinta mai kauri, a fara. Shi kuma ya zauna a gindin darbejiya da mai gadi suna hirar tsutsar masara.

Sai dai Malama tana da ƙa'ida, kuma ba ta sassauta ta ko ga 'yar malaminta: ba a yanke izu. In sabis ya ɗauke ana tsakiya, ko saura aya uku, sai a koma farko. Sau biyu hakan ta faru. Na biyun Zulaiha ta fito idonta jawur. Da Ramlat ta ji, zuwan da ta yi na gaba sai ta zo da wani ɗan abu fari, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba.

Ta ce, "Baba, wannan sunansa modem. Na ko-ta-kwana ne. Akwai layi a cikinsa, daban da na makaranta. Ranar da wancan ya ɗauke, sai a soka wannan a jikin kwamfuta a ci gaba."

Ishiyaku ya juya shi a tafin hannu. "Wannan ɗan mitsitsin ne zai kai murya Makka?"

"Zai kai, Baba. Data ni zan riƙa sa masa daga can. Abu biyu kawai nake so ka kula. A ajiye shi inda ba ruwa, ba ɓera. Sannan kada a bar shi ya daɗe ba a kunna ba. In aka manta da shi, rufe layin ake yi, ranar da ake buƙatarsa a tarar ya mutu."

Ishiyaku ya sake juya abin yana kallo. Can ya ce, "Ashe shi ma bushewa yake."

Ramlat ta yi dariya, ba ta gane abin da ya sa fuskar mahaifinta ta canza ba.

Tun daga ranar, modem ya samu mai kiwo. Kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci, kafin ya cire babbar riga, sai ya sa Zulaiha ta buɗe kwamfuta a ba ɗan abin ruwa, haka yake cewa. Ya koyi harshensa: in 'yar fitilarsa tana ƙyafta ja, nema yake; in ta tsaya shuɗiya, ya samu. Ya gano cewa a cikin ɗaki ba ya samu sam, a bakin ƙofa sai ya ga dama. Sai ya je kasuwar Rano ya sayo doguwar wayar da ake ƙara masa, ya ɗaure shi a kan gora, ya riƙa zagaya tsakar gida yana ɗagawa yana saukewa kamar mai neman inda zai haƙa rijiya. Maƙwabcinsa Badamasi ya leƙo ta katanga ya tambaye shi ko kifi ya koma kamawa a sama. Ishiyaku bai kula shi ba. A ƙarshe ya samu wurin: jikin rumbun da ke kusa da tagar Zulaiha, ɓangaren da ke kallon ƙarfen sabis na bayan dutse. Nan ya kafa turke, in ya ɗaure gorar a jiki fitila ta yi shuɗi ta zauna.

Abin haushi, tun da modem ya zo, intanet ɗin makaranta ya shiryu kamar ya ji labari. Fiye da shekara yana sa shi a aljihu kowace Talata, yana dawowa da shi ba a taɓa shi ba. Zulaiha takan tsokane shi, ta ce ko akuyar gidan ba ta samun kulawar da ɗan yatsan nan yake samu.

Ana cikin tsakiyar damina karatu ya zo gangara, saura izu biyu, Amma da Sabbi. Sai saƙo ya zo daga 'yar Malama Saude. Za a yi wa tsohuwar aiki a maƙogwaro. Ranar Talata bayan azahar ɗinsu za a kwantar da ita a asibiti. Likitoci sun ce bayan aikin ba magana sai an ga hali, kuma ba wanda ya yi alkawarin muryar za ta dawo, ga shekaru sun ja. Malama ta ce a gaya wa 'yar Malam ta zo mata da izu biyun gaba ɗaya ranar Talata da ƙarfe tara na Najeriya, don ba ta son ta kwanta da amanar malaminta a wuya.

Ranar Asabar rufin ɗakin Ishiyaku ya fara yoyo, daidai kan akwatin da yake ajiye modem. Ya tsaya yana tunanin maganar Ramlat: inda ba ruwa, ba ɓera. A duk gidan wuri ɗaya ya sani da ya cika wannan sharaɗi, wurin da bai taɓa ba shi kunya ba, wato tulun da yake ajiye irin wake, cike da toka, bakinsa a liƙe. Ya buɗe, ya tura ɗan abin can tsakiya, ya mayar da murfi. Bai naɗe shi da komai ba, don shi a saninsa ba a naɗe iri. Murfin bakin modem kuwa ya daɗe da ɓata.

Talata tun kiran asuba sama ta ɓalle. Ruwa aka yi na gaske, irin wanda manomi ke murna da shi a kowace rana ban da wannan. Bai tsagaita ba sai wajen ƙarfe takwas. Ishiyaku ya naɗe ƙafar wando ya taka zuwa bakin rafi ya gani da idonsa. Ruwa ya shafe kwalbati, ja wur, yana tafe da karan dawa da reshen itace. Mutane na tsaye ta nan, wasu ta can, ana kallon juna. Wani saurayi ya ce zuwa la'asar zai janye. Ishiyaku ya san gaskiya ya faɗa, kuma ya san la'asar ba ta da amfani a gare su.

Ya tarar da Zulaiha zaune a bakin gado, ta sa hijabinta mai ruwan toka na zuwa makaranta, jakar kwamfuta a kan cinya.

Ta ce, "Malam, yaya hanya?"

"Hanya ta zama kogi."

Ta sunkuyar da kai. Ba ta yi kuka ba, da ma ba mai yawan kuka ba ce. Ta sa hannu ta fara zare hijabin a hankali, ta ce, "Allah bai nufa ba. Ba komai."

Wannan "ba komai" ɗin ya san ta. Ita take ba shi duk sanda ya ce bari kaka ta wuce.

Ya ce, "Mayar da hijabinki. Buɗe kwamfutar."

Ya je ya fasa bakin tulu, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya lalubo modem ya kawo mata fari fat kamar an tona rogo daga murhu. Zulaiha ta dubi abin, ta dubi mijinta.

"Malam, a cikin toka?"

"Shekara arba'in ban taɓa asarar ƙwaya ɗaya a tulun nan ba."

"Ai wannan ba wake ba ne."

Ta goge shi da gefen zane ta soka. Shiru, ko ƙyaftawa. Ta zare ta sake sokawa. Shiru. Toka ta shige bakinsa ta cushe, danshin damina ya sa ta daskare. Agogon bango ya nuna tara saura kwata. Shekara guda da rabi yana kiwon abu, ya zo ya kashe shi da hannunsa saura kwana uku. Ya karɓa ya fita tsakar gida, ya tsinci gashin zabuwa a gindin murhu, ya tsuguna yana sakace bakin a hankali yana hurawa, yana sakacewa yana hurawa, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ya kawo aka gwada, bai kama ba. Ya koma ya sake. A karo na uku 'yar fitilar ta ƙyafta ja.

Zulaiha ta saki wata 'yar dariya mai haɗe da ajiyar zuciya. Ta ce, "Ya tsiro."

Ya haɗa doguwar wayar, ya zura ta ta taga, ya rufa wa modem farar leda saboda yayyafi, ya ɗaure gora a turkenta na kullum. Fitila ta ci gaba da ƙyafta ja. Ya jira, ya juya gorar, ya sake jira. Ko hadarin ne, ko jiƙar da komai ya yi, Allah masani, amma yau sabis ya ƙi saukowa inda ya saba. Ya kwance gorar ya ɗaga da hannu, bai samu ba. Ya jawo tsani ya jingina da rumbu, ya taka ɗaya, biyu, uku. A mataki na huɗu, da ya miƙa hannuwansa duka biyu sama, fitila ta yi shuɗi ta tsaya.

Ya gwada ɗaure ta a jikin tsanin. Gorar ta karkata da faɗin yatsa biyu, ja ya dawo. Ya gwada cusa gindinta a cikin jinkar rumbu, jiƙaƙƙiyar ciyawa ta ƙi riƙewa. Daga ɗaki Zulaiha ta ce tara ta yi. Sai ya bar dabara, ya jingina ƙirjinsa da rumbu, ya gyara tsayuwar ƙafa, ya ɗaga.

Ya ce, "Kira ta."

Jim kaɗan ya ji muryar Malama Saude ta taga, a dishe, kamar ana jan ta da igiya.

"'Yar Malam, lafiya na gan ki a ɗaki yau?"

"Ruwa ya cinye mana hanya, Malama. Daga gida nake."

"To, Allah ya sa albarka a ruwan. Kin dai san ƙa'idata, kuma yau ba ni da lokacin komawa farko sau biyu. Bismillah."

Zulaiha ta fara. Shekara biyu Ishiyaku yana kai ta karatun nan, amma daga gindin darbejiya ba a jin komai, a gida kuma tilawarta ƙasa-ƙasa take yi. Yau ne ya fara jin yadda take buɗe murya a gaban malama. Ba ta sauri, kowane harafi sai ta ba shi haƙƙinsa. Bai san abin da take karantawa ba, amma ya san muryar. Ita ce muryar da ta yi shekara tara tana lallashin mahaifiyarsa ta buɗe baki ta karɓi kunu. Ya kafa ido a kan 'yar fitilar cikin leda bai yarda ya ƙyafta da yawa ba.

An kusa ƙare Amma sai ga kan Badamasi ta saman katanga.

"Malam Ishiyaku, sauko maza. Ruwa ya karya maka kunyoyin gabas, yana kwasar masara. In muka je yanzu da fartanya za a tare."

Ishiyaku bai juya ba, don juyawa na nufin motsa gora. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Bar shi."

"Masarar da ta fara goyo? Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani. Rage murya, Badamasi, karatu ake."

Badamasi ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ya ji abin da ke fitowa ta taga. Ya dubi gorar, ya dubi dattijon da ke maƙale a tsani rigarsa ta jiƙe da ruwan jinka. Wannan karon bai yi zancen kifi ba. Kansa ya ɓace daga katanga, can Ishiyaku ya ji Badamasi yana jan fartanya a zaurensa, ya nufi kunyoyin gabas ɗin.

Aka shiga Sabbi. A nan ne jiki ya fara gaya masa shekarunsa. Kafaɗu suka fara zafi, sannan suka daina zafin suka koma kamar ba nasa ba. Matakin tsani yana cin tafin ƙafarsa. Ruwa na ɗiga daga ciyawa yana shiga wuyan rigarsa, ga wata 'yar tururuwa da ta zaɓi yau ta san abin da ke bayan kunnensa. Sau ɗaya iska ta kaɗa, gorar ta yi gefe, fitila ta ƙyafta. Ya miƙe a kan yatsun ƙafa ya ƙara ɗagawa, shuɗi ya dawo. Ya kasa kunne yana jiran ya ji an ce a koma farko. Muryar Zulaiha ba ta tsaya ba, Malama kuma ba ta ce komai ba.

Ya daina lissafin lokaci. Surorin suna ta gajarcewa, wannan kaɗai ya iya lura da shi. Yana cikin roƙon Allah ya ara masa hannuwan nan na minti goma kawai, sai ya ji wani abu da ya sa ya manta da hannuwan. Ya san wannan. Alam tara ce. Bakinsa ya riga tunaninsa, ya kama bin ta.

Shekaru yana jin karatun matarsa kamar mai tsaye a bakin gonar wani, yana ganin kyau bai san iyaka ba. Yau ga shi ta taho tun daga can sama, ta ratso izu sittin, ta iso daidai ɗan wurin da shi yake tsaye tun yana yaro. Ashe ta ƙofarsa hanyar take ƙarewa. Ya bi ta sura bayan sura, ita a ciki shi a waje, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, ba hannun sharewa. Daɗi ne ya kama shi, da kunyar tsohon nan na Nariya, da wani irin sauƙi da bai taɓa ji ba tun ranar da aka ɗora masa allo a hannu.

Ta kai Nasi, ta rufe. Sannan muryar Malama Saude ta tashi da addu'a, tana yi tana tsayawa ta haɗiyi yawu, ta ambaci Malam Habibullahi da sunansa, ta roƙa masa rahama. Ishiyaku ya ce amin a ransa, gora na rawa a hannunsa.

Malama ta ce, "Saura abu ɗaya. A takardar ana sa shaidu biyu da suka ji saukar. 'Yata tana gefena, ta ji. Da a makaranta ne da shugabarku ta tsaya. A nan wa ke kusa da ke?"

"Ba kowa, Malama, sai Malam. Yana waje."

"Kira shi in gan shi."

Zulaiha ta ce, "Ba zai iya zuwa ba. In ya motsa, ɓacewa za ki yi." Ta yi mata bayanin gora da tsani da rumbu, a taƙaice. Zancen tokar ne kawai ta rufa masa asiri a kai.

"Tun farkon Amma yake can?"

"Tun kafin ki ɗauka."

Tsohuwar ta yi shiru har Ishiyaku ya duba fitila don ya tabbata ba yankewa aka yi ba. Sannan ta tattaro abin da ya rage mata na murya.

"Malam Ishiyaku, kana jina?"

"Ina jin ki, Malama. Allah ya ba da lafiya."

"Amin. Ka shaida matarka ta sauke?"

Ya so ya ce e kawai a wuce wurin. Amma shaida ce, kuma a kan littafin Allah. Ya ce, "Malama, ni ba mai karatu ba ne, Malam ɗin na suna ne. Na saman nan na ji su, amma ban san su ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Daga Alam tara zuwa ƙasa dai na bi ta ƙafa da ƙafa. Ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba."

Malama Saude ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Na saman ni na ji su, ka bar mini. Na daɗe ban samu shaida mai gaskiyarka ba. Faɗi sunanka da na mahaifinka, a hankali, 'yata na rubutawa."

Ya faɗa, daga kan tsani, fuskarsa na kallon jinkar rumbu: Ishiyaku ɗan Ja'afaru, manomi, Lausu.

Aka yi sallama. Malama ta ce a sa ta a addu'a, ta ce ta sauke nauyi, yanzu likita ya yi abin da ya ga dama. Da Zulaiha ta ce masa an gama, sai ya tarar saukowar ma aiki ce. Hannuwan sun ƙi lanƙwasuwa, yatsun sun ƙi sakin gora. Ita ta fito ta riƙe tsanin, ta tallafe shi har ƙasa, ta zaunar da shi a kan turmi, ta riƙa buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta kwance modem daga leda ta goge shi, ta sa a aljihun rigarsa.

Ta ce, "Ban da tulu."

"Ban da tulu."

Ya yunƙura zai tashi, wai zai je ya ga abin da ruwa ya bar masa na masara. Ta dafa kafaɗarsa ta ce da wane hannun zai riƙe fartanya, ya zauna tukuna. Ta ɗebo man kaɗanya tana murza masa, ba ta dube shi ba ta ce, "Na ji ka fa. A Alam tara ka shigo."

Kunya ta kama shi. "Na ɗaga murya ne? Ban sani ba. Da na rikita ki."

"Ba ka rikita ni ba. A nan ne ma numfashina ya dawo." Ta ci gaba da murzawa. "Shekara nawa kana tsaye a wurin nan, Malam?"

"Tun kafin a haife ki, ina jin."

Ta goge hannunta ta shiga ɗaki. Ya zauna yana sauraron ɗigar ruwa daga indararo, yana jin jini na dawowa cikin yatsunsa kamar ana tsira masa ƙaya. Ta ɗan jima kafin ta fito. Allon nan ne a hannunta, wanda aka miƙa masa a zauren Nariya shekara talatin da takwas da suka wuce. Ta rubuta sura ɗaya a jiki da manyan baƙaƙe, wadda ke saman Alam tara, ta goma sha ɗaya da bai taɓa kaiwa ba.

Ta ce, "Gobe bayan asuba za mu fara. Ba sai kaka ta wuce ba."

Ya miƙa hannu, hannun na karkarwa. Ta ga ba zai iya riƙewa ba, sai ta durƙusa ta ɗora masa a kan gwiwoyi.

Ta ce, "Yi a hankali da rigarka. Tawadar ba ta bushe ba."